Kirinjijiya ta ci mani fangali huɗu

Muna tsakiyar gayyar sare kacalar da ta toshe hanyar ruwan lambunanmu a Kafin Soli, sai na ga kirinjijiya kwance kan ƙwai tara. Na jefar da lauje, na zauna daram cikin taɓo.

Sarkin Noma ya ce, "Haba Sule! Tumatirin jama'a ya bushe saboda tsuntsuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, firamare ma ban gama ba, amma ni ma 'ya'ya tara gare ni a gida. Ku karkata ruwan ta cikin albasata. Nan dai ba mai sara sai ta ƙyanƙyashe."

Haka aka yi, albasa fangali huɗu ta tafi. Mai ɗakina ta ce daga yau tsuntsuwar ta riƙa yi mani miya.

Jama'a, ku faɗi naku. Zagi ma na karɓa, amma nadama babu.