Ɓerayen da Manga Ya Rage wa Hanya

Manga direba bai taɓa kashe komai ba. Shekara goma sha tara ke nan katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a unguwar Kachalla Sembe ta Jalingo, ban taɓa ganin ya tafe sauro ba. Da hula yake korarsa, a hankali. Ranar Babbar Sallah shi ke sayen rago, ni ke yanka masa, shi kuwa a daidai lokacin yake tunawa bai duba ruwan lagireton motarsa ba. In ka tambaye shi dalili ba ya kawo aya ko hadisi. Cewa yake yi, "Ni dai ba na iyawa."

Motarsa a-kori-kura ce, wadda a da fara ce. Yana jigilar masara da doya tsakanin Jalingo da Iware. Ba ya gudu a hanya, ba ya taɓa kayan mutane, ba a taɓa jin muryarsa a tasha ba. Matarsa Mufida takan ce da a ce Allah bai halicci ɓera ba, da ba ta da abin da za ta kai ƙarar mijinta a kai.

Ɓerayen kuwa ba irin waɗanda muka tashi muka gani ba ne. Wasu baƙaƙe ne masu wutsiyar da ta fi jikinsu tsawo, ba ruwansu da rami, silin suke hawa. Haka suka shigo unguwa ba sallama, kowa ya ruga ya sayi guba. Manga ya tafi wajen mai walda aka yi masa keji na waya, mai ƙofar da ke rufe kanta. Da safe in ya tarar da ɗaya ko biyu a ciki, sai ya ɗora kejin a kujerar gaba ya tafi aiki da su.

A Iware yake sauke su. Can yayarsa Hadijatu, wadda yake kira Adda, take aure, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ya shiga garin ya fita bai gaishe ta ba. Bayan gidanta akwai 'yar ciyawa da bishiyoyi, nan yake buɗe kejin. Na taɓa tambayarsa me zai hana ya sake su a tsakiyar daji, inda babu kowa. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "To me za su ci a can?" Na yi dariya na ce Allah Ya shirye ka. Har yau ina jin haushin wannan dariyar tawa.

Kaka uku a jere rumbun Hadijatu bai kai ta damina ba. Ta buɗe buhu ta tarar da dusa da kashin ɓera. Mace ce mai zafi, kuma mai zafi ba ya zama da asara sai ya samo mata uba. Maƙwabciyarta Alice, 'yar ƙabilar Mumuye, ƙawarta ce ta shekara talatin: naman Sallah na tsallaka danga, shinkafar Kirsimeti na dawowa, kowacce ta yi wa 'yar'uwarta zaman jego. Sai ɗan Alice ya fara sana'ar tsofaffin katifu da kujerun gwanjo daga kudu, yana jibge su a ɗakin uwarsa. Hadijatu ta dubi katifun, ta dubi rumbunta, ta yanke hukunci. A bakin famfo ta faɗa, gaban mata, cewa wasu sun kwaso ƙazanta daga wata uwa duniya sun zube wa mutane. Alice ta mayar mata da wadda ta fi ta zafi. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Manga ya san duk wannan. Ya ci gaba da zuwa da kejinsa. Da na matsa masa sai ya ce ai ɓera duk kamarsu ɗaya, wa ya san na wa ne ya ci? Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai, don na ga alamar shi ma bai yarda da ita ba.

Ana nan sai ga wata malamar jami'a, Dokta Roseline, tana binciken yadda baƙin ɓerayen nan ke yaɗuwa. Ta yi shatar motar Manga don ɗaukar tarkuna. Duk ɓeran da ta kama sai ta yanki ƙarshen wutsiyarsa ta jefa a 'yar kwalba, ta rubuta gidan da aka same shi. Ta ce gwajin ƙwayar halitta za a yi, irin wanda ake yi in ana gardamar uban yaro, kuma shi zai nuna wane ɓera ne ɗan wane. Ta bi layinmu gida-gida, ta je Iware, ta je garin Mutum Biyu. Duk lokacin da ta fito da almakashi, Manga yakan je ya duba tayoyi.

Bayan wata takwas ta dawo da sakamako. A ƙofar gidana ta same mu, ta buɗe kwamfuta a kan benci, ga taswira da ɗigo-ɗigo masu launi.

"Malam Manga, wani abu yana ba ni mamaki," in ji ta. "Ɓera yana bin buhu, daga kasuwa zuwa kasuwa, wannan mun sani. Amma na bayan gidan yayarka a Iware, 'yan'uwan na wannan layi ne. Ba dangi na nesa ba fa. Uwa a nan, 'ya'ya a can. A kasuwa babu su, a hanya babu su. Kamar wani ya ɗauke su ya ajiye."

Manga ya gyara hula. "Na gidan Alice fa?"

"Jikoki ne. Daga gidan yayarka suka tsallaka."

"Ba daga katifa ba?"

"Katifa ba ta kawo ko ɗaya ba."

Ya ƙura wa ɗigo-ɗigon taswirar ido. Can ya ce, "Dokta, gwajin nan yana nuna sunan direba?"

Ta ce a'a. Ya ce Alhamdulillahi. Na ce masa ni kam ya nuna mini sunan.

Kwana uku Mufida na fitowa da tuwonsa kamar yadda ta kai shi. Ran na huɗu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in raka shi Iware. Kujerar gaba babu kowa, sai na zauna.

Mun tarar da Hadijatu tana tankaɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwar ta yi tsawo har ta ɗago kai.

"Adda, ɓerayen nan ni na kawo su."

"A buhu?"

"A gaban mota."

"Guda nawa?"

"Ban ƙirga ba, Adda. Shekara shida ne dai."

Na zaci za ta ɗauki taɓarya, kuma wallahi ban yi niyyar rabawa ba. Ba ta ɗauka ba. Ta ajiye rariya, ta karkaɗe zane, ta nemi takalmanta ta rasa, ta fita haka. "Tashi ka shige gaba," in ji ta.

Tsakanin ƙofarta da ta Alice bai fi taku ashirin ba. Alice na zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Manga ya tsaya ya maimaita komai, da kejin, da kujerar gaba, har da maganar me za su ci a daji. Ta saurare shi har ya gama, hannunta bai daina aiki ba.

"To, na ji," in ji ta. Sannan ta dubi Hadijatu. "Maman Nasiru, lokacin da baban yara ya mutu, kwana uku ina kallon wannan ƙofa. Mutane ya zo daga Zing, ya zo daga Yola. Na ajiye miki kujera a kusa da ni, na hana kowa ya zauna."

Shekara biyu ke nan da rasuwar. Hadijatu ta dubi tsakar gidan, akwai kujeru har uku, ba a ce ta zauna ba. Sai ta zauna a ƙasa, a bakin ƙofa, ta rufe kanta da mayafi kamar yau aka yi mutuwar.

"Alice," ta ce, "yaya haƙuri?"

Alice ta ɗauki wata gyaɗar ta ɓare. Muka jira amsa har na ji kunya ta kama ni, na ja hannun Manga muka fita. Daga cikin mota muna jin Hadijatu tana sake tambaya.