Hujin Basillar Kakana

Har yau, in na bi ta inda ake jima, warin bagaruwa ya bugi hancina, sai in tsaya. Mutane toshe hanci suke yi su wuce. A wurina kuwa warin gidanmu ne na cikin Birnin Damagaram, warin rigar kakana.

Kakana baduku ne. An ce a ƙuruciyarsa har fada ake kai gafakar da ya ɗinka. Ni dai na tashi na iske yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya lalubi basilla da yatsa. Mahaifina ya tafi fatauci kudu bai dawo ba, don haka komai ya faɗa kan Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ita ce wankansa, ita ce kai shi bayan gida, ita ce daka, ita ce neman ruwa. Wanda ya san Damagaram da bazara ya san abin da neman ruwa yake nufi. A zamanin nan na Faransa tsofaffin soja ne kaɗai ke zuwa karɓar pansiyon. Baduku makaho kuwa, babu biro, wato ofishin gwamnati, da ya san da zamansa.

Ga shi tsohon da zuciya. In maƙwabta suka aiko da kwanon tuwo, sai ya sa a mayar, ya ce shi ba miskini ba ne, hannunsa na aiki. Alhali aikin ya daɗe da ƙaurace masa, don ba mai kawo fatarsa a yi mata karkataccen ɗinki.

Tsohuwar gidan da ke kallon namu ce ta ɓullo da dabara. Ta haɗa kan matan unguwa, kowane gida da ranarsa. Mai ranar za ta shigo da zabira ko matashin fata da ya farke, ta ce a gyara mata, ta ajiye tuwo ko gero a matsayin ladan aiki, sannan ta zauna wai tana jiran kayanta. Wannan zaman shi ne hutun Gwaggo. A nan take samun ta fita, ko ta kwanta a inuwa ta yi barci kamar an zare mata laka. Kakana kuwa ya dawo da ransa. Yana ciniki, yana faɗan an raina masa lada, yana tsokanata wai amaryarsa ta fi son fura a kan miji.

Sai dai unguwar ba ta da kayan fata da yawa. Da suka ƙare, matan suka riƙa farke abin da ya ɗinka su sake kawowa. Matan zane ne, sun saba farke ɗinki su wanke, alama ta ɓace. Ba wadda ta tuna cewa fata ba ta haka.

Wata ranar damina, da hantsi, muna ƙarƙashin rumfa ana yayyafi, aka miƙa masa wata jar zabira. Ya bi bakinta da babban yatsa, ya dawo, ya sake bi.

"Wannan hujin basillata ne," in ji shi. "Na jiya-jiya ne ma."

Gwaggo ta ce, "Baba, wata ce dai mai kama da ita."

"Ki mayar musu da tuwonsu."

Ranar bai ci ba. Kashegari ma haka. Ya juya fuska bango, ruwa kawai yake kurɓa in zai yi salla. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza. Na ji tsoro ƙwarai, don ko ni yarinya na gane ya yanke ya mutu da mutuncinsa ne.

Sai tsohuwar nan ta shigo, ba ta ko zauna ba.

"Malam, kai kana tsammanin don kai muke yi? Don 'yarka ne. Tunda ba ka gani, kama hannunta ka ji."

Ta jawo hannun Gwaggo ta ɗora a nasa. Ya bi tsintsiyar hannun da yatsan nan, kamar yadda ya bi zabira. Ƙashi ne da fata. Can ya ce a ba shi basillarsa, ya ce kuma a gaya wa matan su riƙa farkewa a hankali, kada bakin ya yage.

Ya ci abinci. Ya ci gaba da ɗinki, yana mayar da basilla cikin tsohon huji don fatar ta daɗe. Amma bai ƙara ciniki ba, bai ƙara kirana amarya ba. Ya rasu a shekarar da aka samu mulkin kai, gari na ta kiɗa. Har yau ban san ko ceton sa aka yi ranar nan ba, ko kuwa kashe shi aka fara.

Yanzu akwai ƙungiyoyin da ke tara mu tsofaffi su raba shinkafa da sabulu, a ɗauke mu hoto da buhu a gaba. Ina karɓa, ina godiya, don yunwa ba ta da daɗi. Amma ba wanda ke shiga gida ya zauna don mai jinya ta runtsa. Jikata ce ke fama da ni ita kaɗai, idona kuma ya soma tafiya. Kwanan baya ta kawo mini wake a faifai, ta ce in taimaka in tsince mata, aiki ya yi mata yawa. Na sa hannu na ji babu tsakuwa ko ɗaya. Na ce ta je ta kwanta, waken nan zai ɗauke ni lokaci.