Gyaren da ke Kunnen Zaidu

Ranar ƙarshe da kunnen Zaidu ya zauna lafiya Laraba ce. Ya yi sallar asuba a masallacin unguwarsu a Wara, ya dawo ya sha kunu a tsaye, mahaifiyarsa Inna Uwani tana yi masa faɗa ya zauna. Kafin rana ta fito ya isa bakin ruwa, suka ɗaura injin a gindin jirgin kawunsa, Alhaji Ɗanjuma. Da hantsi ya ƙetare tafkin Kainji da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi. Azahar ta same shi a waccan gaɓar, ya ci shinkafa da wake. Bayan la'asar ya juyo. Da magariba yana zaune a tsakar gida, sai ya dubi mahaifinsa, Malam Almustapha.

"Baba, ina gyaren nan yake? Tun ɗazu ya ishe ni."

Babu gyare a gidan. Malam ya saurara sosai kafin ya faɗi haka.

Zaidu ne na uku cikin 'ya'yan Malam, kuma shi kaɗai ya ƙi wuce sakandare. Malam, da ya ƙare aikinsa yana koyar da kimiyya, ya so ya ga yaron a jami'a. Yaron kuwa inji yake so. Tun yana ƙarami ba ya barin fitila ko famfo sai ya kwance ya mayar. Ba shi da yawan magana, ba ya cin bashin gaisuwa, kuma matan da ke fataucin kifi sun fi son jirginsa domin ba ya jiƙa musu kaya. Shekara bakwai ya yi yana wuni da hannu a kan inji, kansa kusa da ƙararsa.

A ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye lokacin da aka yi madatsar ruwan. Idan ruwa ya ja baya, sukan taso dab da sama. Direba yana baya, kaya sun tare masa gaba, saboda haka mai gora ne idonsa. A jirgin Alhaji, Bashiru ke tsayawa a goshi, idan ya hango kututture sai ya yi fito: gajere, a karkata dama, dogo, a karkata hagu. Murya ba ta ratsa ƙarar inji, fito ne ke ratsawa.

Ƙarar kunnen ba ta tafi ba. A bakin ruwa ta zama abin wasa.

"Wata ce ke ambatonka, ango!" in ji Bashiru. "Ka kai sadaki ta bar ka ka huta."

Inna ta ɗiga masa ruwan albasa. Wata maƙwabciya ta kawo hayaƙi, ta ce aljanar ruwa ce. Da Malam ya ga yaron ya rame don rashin barci, sai ya ɗauke shi zuwa wurin wata likitar kunne a Birnin Kebbi.

Likitar ta haska ciki. Babu datti, babu ruwa, fatar kunnen lafiya lau. Ta sa shi a wani ɗan ɗaki, ta rufa masa abin saurare a kunnuwa, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji sauti. Masu kauri ya ji su duka. Da aka zo kan sirara, hannunsa ya zauna a cinya. Ta ce ƙarar inji ce ta lalata jijiyoyin ji, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Babu ƙwayar da za ta kashe ƙarar. Ya bar inji, ko aƙalla ya toshe kunne. Ya riƙa kunna rediyo ƙasa-ƙasa idan zai kwanta. Kuma ko zazzaɓi ya kama shi kada ya yarda a ba shi kwinin, domin maganin yana ƙara ƙarar kunne.

Malam ya tambaye ta ko fito yana cikin siraran sautuka. Ta ce yana ciki.

Washegari Malam ya sami Alhaji a rumfarsa ta bakin ruwa.

"Alhaji, yaron nan ba ya jin fito. Ka mayar da shi wurin lodi, ko ka sa Bashiru ya riƙa buga ƙarfe."

"Mi likitar ta ba shi?"

"Ba ciwon magani ba ne."

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Kun tahi har Birnin Kebbi an ce muku babu magani! Malam, wanga ruwa tun kakanninmu da hito ake bin shi. Ɗan ƙanwata ne, na hi ka sanin abin da zai iya."

"Na gaya maka a gaban mutane," in ji Malam. "Kowa ya ji."

Zaidu ma bai taimaka ba. Ya gwada toshe kunne, ya ce ɗan fiton da ya rage masa ma ɓacewa yake. Ya ce wa mahaifinsa, "Baba, a kan inji kaɗai nake hutawa. Da na kashe shi gyaren zai dawo." Malam da kansa ya roƙi Bashiru ya riƙa buga ƙarfen. Bashiru ya ce jirgi ba nasa ba ne.

Da bazara, ruwa ya ja baya, zazzaɓi ya kama Zaidu a wurin aiki. Alhaji bai aiko gida ba. Ya kai shi shagon wani mai sayar da magani, aka ɗura masa kwinin. Ƙarar ta ninka, har yana riƙe kai. Mai shagon ya ce ai haka ake so, idan kunne ya yi kuka magani ya kama jiki. Alhaji ya ce gobe kasuwa, ya daure. Malam bai san da wannan ba sai daga baya, daga bakin Bashiru.

Da hantsin ranar kasuwar, Bashiru ya hango kututture. Ya yi dogon fito. Ya sake. Jirgin bai karkata ba. Ya daki itacen, ya jefa Zaidu baya, farfelar injin ta same shi. Sauran mutanen jirgin kuwa, masunta suka kwashe su da rai.

A wurin zaman makoki Alhaji ya miƙo hannu yana cewa kwana ne ya ƙare. Malam ya karɓi gaisuwar kowa. Hannun Alhaji kuwa ya bar shi a miƙe.

Bayan sadakar bakwai Inna ta wanke tufafin Zaidu, aka raba wa masu lodi. Babur ɗinsa aka ba ƙanensa. Takalmansa na roba Inna ta hana a taɓa, suna nan a bakin ƙofar ɗakin. Sai Alhaji ya aiko a karɓo akwatin sifanun gyaran inji, wai sabon direba yana bukata. Zaidu ne ya sayi sifanun nan ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ce wa ɗan aiken ya gaya wa Alhaji ya zo da kansa ya ɗauka. Bai zo ba. Akwatin yana ƙarƙashin gadon Malam.