Turken Bakin Titi

Bubayero mai bargar dawakai a Gaya yana kallon baƙon da ya kawo ajiyar ingarmansa. Gajere ne, babbar rigarsa na tashin turare, yana tafe yana tsallake kashin doki. Da gani, bana riɗi ya yi masa kyau. Bai ko tambayi harawa ba.

Bubayero ya nuna masa turke a inuwar darbejiya.

"A'a, Malam, na bakin titi nake so, masu wucewa Ajingi su gan shi."

"Alhaji, rana na dukan wurin."

"Zai saba."

Sai ingarman ya yi haniniya. Alhaji ya daka tsalle ya laɓe bayan Bubayero, hula a ƙasa.

"Alhaji, ka taɓa hawansa kuwa?"

"Mun dai ɗauki hoto."