Injiniya Aurelio Tenesaca, Wanda Ya Jawo wa Sisaloma Waya ta Bakin Magudana

Haihuwa da asali

An haifi Aurelio Tenesaca Pilamunga ranar sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 1958, a ƙauyen Sisaloma da ke lardin Chimborazo, ana tsakiyar haƙar dankali. Mahaifinsa, Taita Baltazar Tenesaca (Taita a wurinmu Baba ke nan), manomi ne mai gona uku a ƙasan magudanar ruwa, mahaifiyarsa kuwa, Mama Presentación, masaƙiya ce. 'Ya'ya shida suka haifa, shi kaɗai ne namijin da ya rayu. A riƙe wannan da kyau, domin a Sisaloma ruwa na wanda ya yi masa aiki ne. Duk watan Agusta ana gayyar yashe magudana, wadda muke ce wa minga, kowane gida ya ba da mutum ɗaya, kuma ba a taɓa manta gidan da ya zo da gidan da bai zo ba.

Karatu

Ya shiga makarantar ƙauye a 1965. Yana aji shida ya kwance rediyon Fada na coci ba da izini ba, ya mayar da ita ta fi da magana, sai Fada ya fasa dukansa ya nema masa gurbi a makarantar sakandare a Riobamba, babban garin lardin, a 1971. Shekara shida da ya yi can, matan ƙauyen ne suka riƙa karɓa-karɓa wajen aika masa garin sha'ir da dankali, ƙanwar mahaifinsa Gwaggo Eduviges ce ke ɗaure buhun da hannunta. A 1977 ya wuce jami'a a Quito, babban birnin ƙasa, ya karanta aikin lantarki da sadarwa, ya fito a 1983 da sakamakon da aka ce ba a saba gani ba.

Aiki, aure da iyali

A 1984 wata jami'a a Quito ta ɗauke shi kula da kwamfutocinta, lokacin kowace ɗaya ta kai kabad girma. A 1987 ya auri Luzmila Cajamarca, ma'aikaciyar jinya, mace mai kunya da buɗaɗɗen hannu. A watan Maris na 1990 Taita Baltazar ya rasu. Daga wannan shekarar Aurelio bai ƙara shiga gayya ba. Sai dai ya aiko gaisuwa da ɗan ƙwadago daga birni.

Ba zaman banza yake yi ba, wannan kowa ya shaida. A zamanin, malamin jami'a in zai aika wa ɗan'uwansa na wani gari sakamakon bincike, sai ya zuba a faifai ya ba direban bas. Aurelio na cikin 'yan tsirarun da suka ce jami'o'in ƙasa da cibiyoyin bincike su haɗa hannu su ja waya guda mai zaren gilashi a ciki, tasu ta kansu, wadda saƙo zai bi kamar walƙiya. Shekara goma sha biyu ya yi yana bin shugabannin jami'o'in da ko gaisawa ba sa yi, yana zama a bencin ƙofar ofis da 'yar jakarsa, a kore shi yau ya dawo jibi, har suka sa hannu. Jami'a ashirin da bakwai ya haɗa kafin gashinsa ya yi fari, har ta kai likita a bakin teku ya duba hoton mara lafiya tare da likitan kan dutse a lokaci guda.

Shekarar waya

A saman Sisaloma akwai ƙaramin reshen jami'ar noma, mai ɗalibai ɗari biyu, kusan duk 'ya'yan ƙauyukan nan ne. A 2011 aka yanke cewa duk reshen da waya ba ta kai masa ba zuwa ƙarshen Oktoba za a rufe shi, a mayar da ɗalibai birni, alhali kowa ya san yawancinsu gona za su koma, domin ba gidan da zai iya riƙe yaro a birni. Motar haƙa ta kasa hawa dutsen. Hanya ɗaya ta rage, bakin magudanarmu, kilomita goma sha ɗaya, kuma da hannu za a haƙa.

A nan Injiniya ya yi kuskuren da ɗan ƙauye bai kamata ya yi ba: ya aiko takarda mai hatimi uku yana neman gayya. Ranar Lahadi bayan coci ya zo taro da kansa, Taita Melchor, shugaban ruwa, ya karanta takardar. Gwaggo Eduviges, mai shekara tamanin, ta miƙa hannu aka ba ta, ta juya ta sama da ƙasa.

"Aurelito," ta ce, "wannan ce za ta riƙe shebur?"

"Gwaggo, ba don ni ba ne, don yaranku ne."

"Yaranmu mun san su. Kai ne ba mu gane ba. Ɗan gidan wa?" Aka fashe da dariya. "Gayya ashirin da ɗaya gidan Baltazar bai taka ruwa ba, amma gonarsa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba."

"Ai duk shekara ina aiko mutum."

"Wancan mai takalmin zuwa biki? Mu muka ciro shi daga laka, har abincinmu ya cinye!"

Taita Melchor ya ce, "Injiniya, ba mu ƙi ka ba. Amma mai neman gayya ƙafarsa yake kawowa ƙofa-ƙofa, kuma ba ya nema sai ya cika nasa."

Bai yi musu ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi duk karatunsa. Washegari ya cire agogo, ya ɗauko takalman roba na mahaifinsa daga rataye, ya shiga magudana yana da shekara hamsin da uku. Kwana ashirin da ɗaya ya yi a jere yana yashe ta cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, kwana ɗaya a madadin kowace shekara. Abokan aikinsa na Quito suna ta kira cewa lokaci na ƙurewa, ya tilasta wa mutane da 'yan sanda, ya ce su saurara masa. Masu wucewa da shanu suna tsokanarsa: "Injiniya, ina ake latsawa shebur ya tashi?" Shi kuma ya ce, "A ƙugu, ɗan'uwa, kuma tawa na'urar ta fara ƙara."

Da ya gama, ya bi gida sittin da huɗu da kwalbar abin sha a hannu da hula a ƙirji, kamar yadda ake yi. Gidan Gwaggo Eduviges ya bari ƙarshe. Ta bar shi tsaye har ta gama ba kaji tsaba, sannan ta ce ya buɗe tafin hannunsa. Ta shafa kantar da ta fashe, ta daɗe tana kallo.

"Yanzu na gane ka," ta ce. "Hannun yayana ne. Asabar za mu fito."

Mutum ɗari uku suka fito, maza da mata, Asabar tara a jere. Inda ake huɗa da shanu, Taita Melchor ya sa aka ƙara zurfin ramin fiye da abin da ke takarda, Injiniya ya cire hula ya ce gaskiyarsa. Ranar ashirin da tara ga Oktoba, saura kwana biyu, aka jona waya. Abu na farko da ya bi ta shi ne hoton ganyen dankalin Gwaggo Eduviges da ke baƙewa. Kafin tukunyar masara ta nuna, masana daga jami'a uku sun faɗi ciwon da maganinsa. Ta ce ita ma abin da ta zata ke nan. Ba a rufe reshen ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 2018, ya dawo gidan mahaifinsa da zama. Daga 2011 har ya kwanta ciwo bai rasa gayya ko ɗaya ba, har ta gidajen gwauraye da marasa lafiya yakan shigar musu. Ɗaliban reshen kan sauko wurinsa da tambaya, ya ce su riƙe fartanya tukuna, sai a yi magana.

Rasuwa

Ya rasu ranar tara ga Fabrairu na 2023 bayan ciwon zuciya na wata biyu, yana da shekara sittin da huɗu. An binne shi washegari a maƙabartar Sisaloma, kusa da mahaifinsa da Gwaggo Eduviges. A al'adarmu waɗanda mamaci ya yi wa aiki su ke haƙa masa kabari, yawanci mutum huɗu sun isa. Ranar sai da aka yi layi, kowa shebur ɗaya ya miƙa wa na baya, har da shugabannin jami'a biyu masu takalmin zuwa biki. Allah ya ba shi hutawa.

Ya bar matarsa Luzmila da 'ya'ya uku: Baltazar, malamin lissafi a Cuenca, Nina, likitar yara a Quito, da Amaru, mai kula da wayar reshen, sai jikoki biyar. A watan Agusta na wannan shekarar, da Taita Melchor ya kira gidan Tenesaca a bakin magudana, Likita Nina ce ta amsa, tana tsaye cikin ruwa har gwiwa, da takalman roban da suka yi mata yawa.