Kwalbar da Na Ba Mama Saratu

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Abin da nake so ku sani, ku matasa, shi ne ni ba ɗan iska ba ne tun asali, kuma ba yunwa ce ta kai ni ga abin da na yi ba. A unguwar Barnawa ta Kaduna aka haife ni. Mahaifina ya yi shekara ashirin a masaƙa kafin a rufe ta, mutum ne da ko allura ya tsinta sai ya nemi mai ita. Na gama sakandare da sakamako mai kyau, burina in karanci haɗa magunguna a jami'a. Sau biyu ina nema ban samu gurbi ba, ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba. Har yau in na zauna ƙafata ba ta daina rawa.

Da mahaifina ya ga zaman gida zai lalata ni, sai ya kai ni wurin Baba Yohanna, wani dattijo da ya yi ritaya daga ɗakin magani na asibiti ya buɗe kemis a unguwar Trikania. Shekara biyar na yi a hannunsa. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa, kuma sanyin nan nasa ya sha ba ni haushi. Shi ya koya mini cewa ƙwaya ba ta san inda ke ciwo ba; jini take shiga ta zaga, hanta ta sarrafa ta, ƙoda ta fitar da ita, shi ya sa awon yaro ba na babba ba ne, na mai ciwon ƙoda kuma ba na mai lafiya ba. Ya ce in duba abu uku kafin in miƙa wa kowa kwali: lambar rajista, ranar da zai daina aiki, da irin ajiyar da aka yi masa. Maganarsa ɗaya ce da na haddace don yawan maimaici: “Magani da guba uwa ɗaya uba ɗaya suke, awo ne ya raba musu gida.” Ina amsa masa da to, Baba, amma a raina ina cewa tsohon nan da wa'azi zai mutu bai sayi mota ba.

A gefen shagon akwai wata mata mai sayar da kunun zaƙi, Mama Saratu, mutuniyar Filato. Mijinta abokin aikin mahaifina ne a masaƙa kafin ya rasu. Duk shekarun nan biyar ban taɓa biyan kuɗin kunu ba. Da ta hango ni sai ta ce, “Yarona, ka ci abinci?” Ko na ce na ci, sai ta cika kofi. Ita kanta an hana ta shan kunun, don tana da ciwon suga, kullum safe da yamma sai ta yi wa kanta allurar insulin.

Da aka yaye ni na buɗe nawa shagon a Barnawa. Lasisina na ƙananan magunguna ne, irin na ciwon kai da zazzaɓi da tari. Wata uku na bi ƙa'ida, sai na ga maƙwabtana suna ciniki ni ina korar ƙuda. Da haɗi na fara. Direban keke zai shigo ya ce jikinsa duk ciwo, in tsinko masa ja ɗaya, fari biyu, rawaya ɗaya, in ƙulle a leda. Maganin kashe ƙwayar cuta da ya kamata a sha kwana biyar, sai in ba mutum guda biyu, alhali na san hakan koya wa cutar taurin kai yake yi. Daga nan na shiga sayar da maganin tari mai kodin ba da takardar likita ba, ga samarin da ko atishawa ba sa yi. Kowane mataki sai in ce wa kaina kowa ma haka yake yi.

Ana haka Tanko ya fara zuwa. Dillali ne mai yawo da kaya a but ɗin mota, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya nuna mini kwalaye da wa'adinsu ya wuce, na ce ba na so. Ya yi dariya ya ce, “Oga, kwanan wata ai rubutu ne kawai. Ƙwaya ta iya karatu ne?” Ya fito da auduga da sifirit da ɗan hatimi, a gabana ya goge shekara ya buga wata. Kafin wata guda na fi shi iyawa.

Ranar da ya kawo insulin na san na zo bakin rami. Lasisina bai ba ni ikon ajiye ta ba. Kuma na san halinta sarai: ba ta son zafi, in ta sha rana ko ta tsufa ƙarfinta tafiya yake yi, ruwan kuma yana nan garau, ido ba ya ganewa. Na taɓa kwalbar na ji ta da ɗumi, ta wuni a but ɗin mota cikin zafin ranar Kaduna. Na karɓa, na gyara kwanan wata, na jera a firjin da ba ya samun wuta sai an ga dama.

Mama Saratu a lokacin ta bar sayar da kunu ta koma wurin 'yarta Rifkatu, malamar firamare, a unguwar Television. Da ta ji ina da insulin, kuma da sauƙi, sai ta fara hawo keke tana wuce manyan shagunan magani tana zuwa wurina. Ta ce gara ta saya a hannun ɗanta. Ba ta da firji, don haka a cikin tulu mai jiƙaƙƙen yashi take ajiye kwalbar, yadda Baba Yohanna ya koya mata. Tana ta lallaɓa abin da ya riga ya mutu tun a hannuna.

Layi goma sha huɗu take ja a sirinji da safe lokacin da ta fara saya a wurina. Bayan wata biyu ta zo ta ce ƙishirwa ta dame ta, fitsari ba ya barin ta sakat, likita ya ce ta koma layi ashirin. Da ta sake zuwa, zanen da take ɗaurawa ya zaga ta sau biyu saboda rama, an kai ta ashirin da shida. Likitan bai yi laifi ba. Yana ganin suga na hawa, yana zaton ciwon ne ya ƙara ƙarfi, sai ya ƙara awo. Ni kaɗai a duniya na san ba ciwon ne ya ƙaru ba.

Daga nan zama ya gagare ni. In goge kanta, in sake gogewa. In fita bakin titi, in dawo, in buɗe firji in rufe. Duk keken da ya tsaya sai gabana ya faɗi. Abinci ya daina yi mini daɗi, na yi ta faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da ta shigo tana dafa bango ta ce an kai ta layi talatin da huɗu, ta zauna a benci tana haki, ta ce, “Yarona, ciwon nan ya fi ƙarfina. Ko allurar ma ta gaji da ni.” Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na ce ta jira ni. Na hau babur na tafi wani babban famasi na sayo insulin ta gaskiya, da sanyinta, da kuɗina. Na dawo na sa mata a leda da ƙanƙara na ce ta bar kuɗinta. Ta yi ta sa mini albarka har da ɗaga hannu sama. Wallahi a ranar ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka. Na ɗauka na tuba, kuma na tuba a ɓoye ba wanda ya ji kunyata.

Magana ɗaya ce ta rage in faɗa mata: Mama, kada ki ja talatin da huɗu da wannan kwalbar, koma wurin likita tukuna. Maganar ta zo mini har baki tana shiga keke. Amma in na faɗa za ta tambayi dalili, dalilin kuwa ni ne. Sai na ce wa kaina ai jikinta ya saba, ba abin da zai faru. Na ɗaga mata hannu.

Washegari da safe ta ja layi talatin da huɗu na magani mai cikakken ƙarfi, awon da aka ɗora a kan mataccen magani. Rifkatu ta tafi makaranta. Suga ya faɗi warwas. Maƙwabta sun ɗauka ta tafi taron zumuntar mata na coci, shi ya sa ba wanda ya leƙa. Sai da aka tashi daga makaranta Rifkatu ta same ta a ƙasa bayan ƙofa, jiƙe sharkaf da zufa, ba ta san inda take ba. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, tata kuwa ta yi awanni babu. Garin gyaran gira na tsone ido.

Rifkatu ta kira ni tana kuka, na je asibitin. A gabana likita ya tambaya ko an canza wani abu, abinci ko magani. Rifkatu ta juyo ta dube ni, don ni ne masanin gidan. Na ce ban san komai ba. Na tsaya a baranda ina kai da komo har wata nas ta ce in zauna ko in fita.

Wata ma'aikaciyar ɗakin magani ce ta ce a kawo mata duk kwalaben da aka yi amfani da su. Mama kuwa ba ta yar da komai. Duk tsoffin kwalaben suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Matar ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, ta ga wurin da sifirit ya ci takarda, ta ga ta ƙarshen ce kaɗai ba a taɓa ba. Bayan kwana uku jami'an hukumar kula da magunguna suka zo shagona da 'yan sanda, da tsakar rana, unguwa na kallo. Suka samu hatimin a aljihun tebur. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tanko kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba.

A kotu ban yi musu ba. Mahaifina bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba Yohanna ya zo da sandarsa, ya zauna a baya. Da za a fita da ni ya matso ya ce, “Da jahili ne ya yi, da na ce bai sani ba. Kai ni na koya maka.” Ni kuwa na gwammace a ce mari ya yi mini.

Shekara huɗu na yi a gidan yari. Ba zan cika ku da labarin ƙwarƙwata da gabza ba. Abin da ya fi ci na shi ne wurin ba shi da faɗin da mutum zai yi tafiya, ni kuma zuciyata ba ta zauna. Taku shida zuwa bango, taku shida dawowa. A can na ga wani fursuna mai farfaɗiya yana faɗuwa duk da yana shan ƙwayoyinsa, na karɓi kwalin na duba, na ga irin aikin hannunmu. Ban san ko daga hannuna ya fito ba. A ranar na yi kukan da ban yi a kotu ba, na roƙi Allah gafara da gaske.

Da aka sake ni, kafin in je gida Television na nufa. Na shirya maganata tsaf, zan durƙusa in faɗa mata komai, in ta tsine mini in karɓa. Rifkatu ce ta buɗe ƙofa. Ta dube ni, sannan ta matsa gefe. Mama na zaune a tabarma a inuwar mangwaro, kanta ya yi fari fat, hannunta ɗaya a lanƙwashe. Na durƙusa na fara magana. Ta yi ta kallon bakina tana murmushi, har na kai ƙarshe.

Ta ce, “Yarona, ka ci abinci? Baba Yohanna ya bar ka ka fito?”

Na juya na dubi Rifkatu. Ta ce tun ranar nan duk abin da ya biyo bayan zamanin Trikania ya goge mata, ko jikokinta sai an gaya mata sunansu kullum. Ta ce, “Ni na bar ka da Allah. Amma wadda ka zo nema wurinta, ba ta nan.” Mama ta yi ta kiran a kawo mini kunu, sai da aka kawo, sai da na sha a gabanta.

Yanzu lodin buhuna nake yi a wani sito, an haramta mini taɓa sana'ar magani, kuma daidai ne. Ku da kuke koyon aikin kemis, ku tsaya inda lasisinku ya tsaya. Kada ku goge ko lamba ɗaya a jikin kwali, kada ku karɓi kayan but ɗin mota, abin da aka ce a sa a sanyi ku sa shi a sanyi ko ku bar shi. Ku masu saya, ku duba kwanan wata ko da ɗanku ne ya miƙo muku, in magani ya daina aiki ku kai wa likita kwalbar kanta ya gani. Wanda kuma ya riga ya fara irin tawa, ya tuba da baki, kada ya tuba da hannu kawai kamar yadda na yi. Ku faɗi gaskiya tun wanda kuka cuta yana iya jin ku.

Duk ranar Asabar ina zuwa Television. Duk zuwa sai na sake faɗa mata abin da na yi, ita kuma sai ta tambaye ni ko na ci abinci.