Shekaru ukun da Shuyi ta share

A cikin tururin waken suya Kuang Shuyi ta girma. Mahaifinta awara yake yi a wata kasuwar unguwa a birnin Changsha na ƙasar China, kuma duk layin an san awarar da ba tasa ba, maneji kawai ake yi da ita. Wata biyu da gama jami'arta ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ajiye takardunta, ta naɗe hannun riga ta shiga shago. Ma'aikata huɗu ta tarar, goma sha ɗaya ta bari, har ta shawo kan makarantu biyu suka riƙa sayen awararsu kullum. Sai da tsohon ya iya tsayawa da sanda, bayan shekara uku, sannan ta tafi Shanghai ta kama aiki a wani babban kamfani.

Burinta guda ne: digiri na biyu a fannin kasuwanci a Amurka. A ofishinsu kuwa kowa gwani ne a kan abin da Amurkawa ke so, har wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Aka ce mata maki ne komai, ta zauna jarrabawa sau huɗu. Aka ce sai da mai shirya takardu, ta je wurin Malama Bian, wadda ta yi suna a wannan sana'a.

Malama Bian ta duba tarihin aikinta, ta ɗora biro a kan layi ɗaya.

"Awara? Haba ƙanwata! 'Yan China dubu nawa ke rubuta wa mutanen nan? Sunan kamfani suke dubawa. Ke kuma ki kai musu warin waken suya? Cire."

"To Malama, me zan ce na yi a shekarun?"

"Shirin jarrabawa. Kowa haka yake cewa."

Shuyi ta cire. Abin ya yi mata ciwo, amma tsoro ya fi ciwon ƙarfi. Duk sanda mahaifinta ya kira ya ce, "Kin dai gaya musu yadda kika tayar da shagon nan ko?" sai ta ce masa ta gaya musu.

Ranar ganawa, wata dattijuwa daga makarantar da ta nema ta bayyana a fuskar kwamfuta, ta ce wa Shuyi ta ba ta labarin lokacin da mutane suka dogara da ita. Nan take Shuyi ta tuna safiyar da ta fara buɗe shago, manya huɗu sun yi tsaye suna jiran umarnin yarinyar da suka goya. Amma a takarda babu wannan safiyar. Sai ta karanto haddarta a kan wani rahoto da ta taɓa haɗawa a ofis. Dattijuwar ta yi murmushi ta yi godiya. Ba su ɗauke ta ba.

Wani abokin aikinta da bai kai ta maki ba ya samu. Labarin tafkin kifin uwarsa ya rubuta. Malama Bian ta ce wai sa'a ce kawai.

Da hutun sabuwar shekara Shuyi ta koma gida, ta tarar da tsohon yana yanka awara da hannunsa mai lafiya. Bai ɗago ba.

"Sun ga 'yar mai awara ce ko? Na sani. Ni na ja miki. Ki yafe mini, 'yata."

Da za ta yi shiru, da wannan zaton zai tafi har kabari. Kunya ta rufe ta.

"Baba, ba su ma san da kai ba. Na share ka tun kafin su gani."

Wuƙar ta tsaya. Ya ce a hankali, "Ni kuwa duk kasuwar nan na gaya musu sunana ya je Amurka."